Mama Danuta, Ba Su Yanke Mu Ba

Shumaisi, Riyad
Asabar da hantsi

Mama Danuta,

Gaisuwa mai yawa, da kewa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ba za ki iya ba, tunda da Hausa nake rubutawa, ke kuwa duk Hausarki ba ta wuce kalma biyar ba, biyu daga ciki ma zagi ne da kika tsinta a bakina ranar da lif ta tsaya da mu. Amma shekara biyu da rabi muka yi muna lallaɓawa da guntun Turancinki da nawa. Yau ina so in yi miki magana da harshen da nake tunani da shi.

Albishir nake tafe da shi. Fim ɗin ya fito. Jiya muka je muka kalla, kuma ba su yanke mu ba.

Bari in bi a hankali, don na san kin tsani mai ba da labari a guje.

Kin tuna ranar da kamfanin jinya ya turo ni gidan ɗanki Marek a unguwar Ulaya? A hanya abin da aka gaya min kawai shi ne: tsohuwa ce Baturiya daga Poland, ta faɗi a gidanta ta karye a ƙugu, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta injiniya ya ɗauko ta ya kawo nan. Na hau bene na goma sha ɗaya ina shirin haɗuwa da mai kuka da ƙorafi. Sai na tarar da ke a keken guragu, kin shafa jan baki, kina ƙare min kallo daga takalmi zuwa hijabi. Kika ce in koma waje in sake shigowa. Na ɗauka kanki ne ba daidai ba. Na fita na sake shigowa. Kika tafa hannu, kika ce yanzu kin ga yadda nas ta gaskiya take shiga ɗaki, ashe shekara arba'in kina yin kuskure.

A ranar na san ke 'yar fim ce. Na tambaye ki ko ke ce jaruma, kika yi dariya har sai da ɗinkin ya yi miki zafi. Kika ce ba ki taɓa zama jaruma ba ko sau ɗaya. Ke ce maƙwabciya mai leƙen taga. Ke ce mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, wadda take rufe taga daidai lokacin da jarumi ya iso a guje. Ke ce gwaggo mai kawo gulma wurin biki, da mai dafa abincin makaranta, da sakatariyar da take cewa maigida ba ya nan alhali ga takalminsa ana hangowa. Kin fito a nas sau tara, kin mutu sau shida, kuma a lissafinki mutuwa ta huɗu ce ta fi kyau, don a kan kujerar mai gyaran gashi kika yi ta.

Sunanki bai taɓa hawa fasta ba. Kin ce a garinku mutane sukan tare ki a layin burodi su gaishe ki da fara'a, sannan su tsaya suna tunanin inda suka san ki. Wata ta rantse ke ce kika koyar da 'yarta lissafi. Wani ya balbale ki da faɗa a kan wasiƙarsa da ta ɓata a gidan waya, kika ba shi haƙuri, kika yi alƙawarin za ki bincika. Sau ɗaya kika nemi babbar fitowa kina da ƙuruciya, daraktan ya dube ki ya ce fuskarki ta maƙwabta ce. Kin ce kin yi kuka kwana biyu, a na uku kika lura cewa kowane fim jaruma ɗaya yake da ita, maƙwabta kuwa ba sa ƙarewa. 'Yan matan da aka zaɓa a wancan lokaci duk an daina kiransu kafin su kai arba'in. Ke kuwa ana kiranki har kika yi furfura.

Bayan gashin ƙashi na safe mukan zauna mu kalli tsofaffin finafinanki a kwamfuta. Ba na jin ko kalma, amma ba sai na ji ba. Kikan tura fim ɗin gaba, ki wuce soyayya da harbe-harbe, ki tsaya daidai inda ƙofa za ta buɗe ki shigo. Minti biyu, wani lokaci ko ɗaya bai cika ba. Sai ki tsayar, ki gaya min abin da matar nan ta karya da shi da safe, da wanda ya ɓata mata rai a bas, da abin da ke cikin aljihunta. Na ce wa ya rubuta duk wannan? Kika ce ba kowa, ke kika ƙirƙira, don mutum ba ya faɗowa daga sama ya shiga ɗaki, daga wani wuri yake.

Ni ma na rama. Ranar da muka kalli wanda kike auna jinin wani soja, na ga kin ɗaura masa abin awon a juye, igiyar tana kallon kafaɗa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Kika ce ƙasa guda ta kalli fim ɗin nan ba wanda ya lura, sai da aka je Funtuwa aka ɗauko ni. Ga shi kuma ke da kika yi wa mutane allurar ƙarya ba iyaka, idan na fito da ta gaskiya sai ki rufe ido ki kama kiran sunayen waliyyanku.

Garin nan bai yi miki daɗi ba da farko, na sani. Zafi ya hana ki fita, ba ki san kowa ba, Marek yana fita tun asuba sai magariba. Taga ta zame miki silima. Kikan zauna kina kallon direbobi suna goge motoci a ƙasa, da masu shara, da 'yan ofis masu sauri, in na shigo da shayi ki kwaikwaya min tafiyar kowa da kafaɗa kawai, daga zaune. Har mai gadin gininku, Usman ɗan Sudan, kin iya yadda yake gyara rawaninsa kafin ya ce a'a.

Sai ranar nan a asibitin ƙashi. Muna zaune muna jiran layi, wata budurwa Balarabiya da ta kawo mahaifinta ta yi ta kallonki. Can ta taso ta durƙusa a gaban kekenki, ta kira sunanki cikakke, da na mahaifinki, ta yi miki magana da yarenku. Mama, na ga fuskarki a lokacin. Jan bakin nan ya yi ta rawa. Sunanta Hissa, ta yi karatun fim a ƙasarku, ta ce malaminsu yakan nuna musu fitowarki ta tashar jirgi don su ga yadda ake rufe taga. A mota kika yi ta maimaitawa: shekara arba'in a garinki ana ce miki matar gidan waya, sai a tsakiyar hamada aka san sunanki.

Bayan mako biyu Hissa ta kira. Tana ɗaukar fim ɗinta na farko, tana son tsohuwa baƙuwa a ɗakin jira na asibiti, fitowa ɗaya, ba ko magana. Kika amsa kafin ta rufe baki.

Marek ya ce sam. Gaskiyarsa ne, likita ya ce zuciyarki ta yi rauni, ga zafi, ga fitilun ɗaukar fim. Kuka yi faɗa da yarenku, ina kicin ina wanke kofin da na riga na wanke. Da ya fita kika kira ni, kika ce ranar Talata yana wurin aiki a bayan gari, za mu je mu dawo kafin la'asar, ba wanda zai sani. Kika kama hannuna kika ce in yi alƙawari. Na ɗaga kai.

To ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni ce na faɗa wa Marek.

Ba Usman ba ne. Kin yi mako guda ba kya amsa gaisuwar bawan Allah nan, kina kiransa ɗan leƙen asiri, ni kuwa ina tura kekenki ina kallon ƙasa. Ni ce. Da safen Talatar, bayan na sa ki a mota, na ce na manta jakar magani, na koma na tsaya a matakala na tura masa saƙo, har da inda za mu. Tsoro ne ya kama ni. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun kamfani take. Da wani abu ya same ki a waje ba da izinin ɗanki ba, da a makon nan za a sa ni a jirgi, a raba ni da aikina da makarantar 'ya'yana. Ina so in ce don lafiyarki kawai na yi, amma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Rabi don ke ne, rabi don kaina. Ki yafe min. Usman na riga na ba shi haƙuri bayan rasuwarki, ya gyara rawani ya ce ai ya sani tun ranar, ya gan ni a matakala. Ke fa? Kin sani kika yi shiru? Mace mai gane wanda ya yi faɗa da matarsa daga bene na goma sha ɗaya, anya ba ki gane ni ba?

Wani tsohon ɗakin shan magani ne a unguwar Jaradiya suka mayar da shi ɗakin jira. Wayoyi ko'ina a ƙasa, matasa suna ta yalla yalla, wato maza-maza da Larabci. Kina shiga kika canja. Bayanki ya miƙe. Kika gaida mai kyamara, kika gaida mai riƙe fitila, kika tambayi sunan mai kawo ruwa, kika ce a wurin aiki waɗannan ake fara sani kafin darakta.

Abin da za a ɗauka ɗan kaɗan ne. Jarumin yana zaune a firgice, matarsa tana ɗakin haihuwa. Nas za ta turo ki ta ajiye kusa da shi, ki miƙa masa alewa, ya ƙi karɓa, shi ke nan. Yarinyar da aka sa ta fito a nas ta turo ki sau biyu, tana buga ƙafarki da kujera. Kika ɗaga hannu kika ce wa Hissa ga nas ta gaskiya can a tsaye da kayan aikinta, me ake jira? Na ce wallahi ba da ni ba. Kika ce in kira mijina. Na kira Aminu ina fata ya hana, sai ya fashe da dariya a waya, ya ce in dai da hijabina ne in je, amma kada in manta da shi in na zama tauraruwa.

Sau huɗu ina ɓata musu aiki. Ina ta kallon kyamara, ina tafiya kamar an ɗaure min gwiwa. A na biyar kika ja hannun rigata, kika raɗa min cewa in manta da su, in tuna awa goma nake tsaye, ƙafata tana ciwo, kuma akwai mutum shida da suke jirana bayan ke. Na ce ai wannan ba wasa ba ne, rayuwata ce. Kika ce to ita ake so.

Ana shirin na shida Marek ya shigo. Hular kwano a hannu, takalmi duk ƙura, fuska a murtuke. Ya buɗe baki zai yi magana, wata 'yar siririyar yarinya mai riƙe allo ta ɗora yatsa a leɓe ta ce masa shiru, ana ɗauka. Babban injiniya mai ba ɗaruruwan mutane umarni, sai ga shi ya yi tsit a bayan kyamara.

Na turo ki. Na taka birki, na gyara miki bargo. Kika ɗago kika dube ni kika ce, sannu. Da Hausa, ba ya cikin rubutu. Na juya na tafi. Kika buɗe jaka, kika daɗe kina lalube, kika fito da alewa kika miƙa wa jarumin. Ya girgiza kai. Ba ki mayar ba. Kika ɓare ta a hankali, kika jefa a baki, kika ninke takardar sau huɗu, kika sa masa a tafin hannu kika rufe da yatsunsa, kamar kin ba shi wani abin kirki. Ya dubi takardar, dariya ta kuɓuce masa, daga dariyar sai kuka. Shi ma ba ya cikin rubutu. Hissa ta manta ba ta ce a tsaya ba.

Da na waiwaya, Marek yana goge ido da bayan hannu, ƙura ta yi masa zane a fuska.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Sannan ya tambaye ki wani abu da yarenku, kika amsa, ya sake tambaya, har muka iso Ulaya ba ku yi shiru ba. Washegari kika fassara min. Ashe bai taɓa kallon fim ɗinki ko ɗaya har ƙarshe ba. Yana yaro, duk lokacin da aka kira ki aiki wurin kakarsa kike kai shi, wani lokaci mako uku, sannan a je silima ya ga minti biyu kawai aka ba ki. Ya tashi yana ganin an musanya shi da minti biyu. Kin ce ba ki kare kanki ba, kin ce masa gaskiya ne, kin bar shi, kuma kin so aikin. Daga makon nan kowace Juma'a bayan azahar kukan zauna ku kalli ɗaya, kuma shi ba ya yarda a tura gaba. Wannan ne kawai ya sa nake iya yafe wa kaina saƙon nan.

Wata biyar kika ƙara a duniya. Kin sha gaya min cewa ke gwana ce a mutuwa, in lokaci ya yi in tsaya in koyi aiki. Sai ga shi ta gaskiyar ba ki bari kowa ya gani ba. Kin ci burodinki da zuma, kin ce shayin ya huce, na shiga kicin in ɗumama. Da na dawo kanki yana jingine da kujera, fuskarki tana wajen taga. Minti nawa na yi? Uku? Na yi duk abin da aka koya min, ban bar komai ba. Na daɗe ina jin haushin shayin nan, Mama. Marek ya kai ki gida, an binne ki kusa da mijinki. Ya ce mutane sun cika cocin, da yawa ba su san sunanki ba sai a ranar, hotonki suka gani a jarida suka zo.

To, jiya. Hissa ta aiko mana da tikiti goma. Bayan la'asar muka ɗunguma zuwa silimar da ke cikin babban kantin nan na Ulaya: ni da Aminu, da Marek, da Usman cikin sabuwar jallabiya, da matan unguwarmu shida waɗanda rabonsu da silima tun suna 'yan mata, wasu ma ba su taɓa shiga ba. Hajiya Larai, wadda take sayar mana da daddawa da kuka, ta ɓoye dambun nama a jaka ta shiga da shi.

Tun a hanya nake gaya musu kada su sa rai. Ke kika koya min cewa irin fitowarmu ita ake fara zubarwa idan fim ya yi tsawo, kin ce sau da yawa kin sa rigar fita kin je kallo, kika tarar babu ke. Aka yi awa guda ba mu ba alamarmu. Sai ga ɗakin jira. Sai ga ƙofa ta buɗe.

Mama, kin cika bango. Ban taɓa ganinki da girma haka ba, kullum a 'yar kwamfuta nake ganinki. Hajiya Larai ta miƙe tsaye ta ce ga Rabi, wallahi ga Rabi, Aminu yana jan mayafinta ta zauna. Da kika ce sannu, layinmu gaba ɗaya ya amsa miki da yawwa, Larabawan gabanmu suna waiwaye. Da kika jefa alewar a baki, silimar duka ta kwashe da dariya. Da kika rufe masa hannu kuwa, sai aka yi tsit. Wata mata a bayana ta ce wa ƙawarta da Larabci, wannan tsohuwa kamar na san ta. Na so in juya in ce mata haka kowa yake cewa.

Ni ma ban yi laifi ba, in gaya miki. Ban kalli kyamara ba. Na yi kama da mace mai ciwon ƙafa.

Da aka gama kowa ya tashi, mu muka zauna muna jiran sunaye. Mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa yana kallonmu. Can ƙasa, bayan sunayen manya, ga naki: tsohuwa mai alewa. A ƙarƙashinsa ga nawa: nas. A ƙarshe kuma Hissa ta sa allo ya yi baƙi, ta rubuta sunanki shi kaɗai da manyan baƙaƙe, da Larabci da yarenku. Marek ya ɗauki hotonsa, bai fito da kyau ba, sai da Usman ya karɓi wayar ya ɗaukar masa. Daga nan muka fita Marek ya saya wa kowa askirim, Hajiya Larai ta tilasta masa cin dambu, ya ci yana tari yana cewa da daɗi.

Sauran labarin gida: yara lafiya, babbar ta ce in gaida ki, ta manta kin rasu, sai ta rufe baki. Yanzu wani dattijo nake jinya a nan Shumaisi, mutumin kirki ne, amma ba ya dariya. Aikin Marek zai ƙare bayan sallah, zai koma gida. Ya ce zai zauna a gidanki, ba zai sayar ba.

Addininmu ba ɗaya ba, ba mu taɓa ɓoye wa juna wannan ba. Kina kashe sautin fim idan na shimfiɗa sallaya, ni kuma ina ɗaura miki sarƙar gicciyenki idan yatsunki sun ƙi. Ban san yadda ake yi wa irinki bankwana ba. Na bar ki ga wanda ya halicce mu ni da ke, shi ya fi ni saninki.

Abu na ƙarshe. Hissa ta tare ni a bakin silima. Tana shirin wani fim, tana son nas, wannan karon har da magana, layi biyu da Larabci. Na ce zan yi shawara. Aminu ya ce in je. Kamfani ya ce ranar hutuna tawa ce. Saura ke, ke kuma ba ki nan. Don haka yau da safe na kira ta na ce to. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma tun ɗazu nake dariya ni kaɗai a kicin.

Ki huta lafiya, Mama. Na gode da zama.

Taki har kullum,
Rabi, nas ɗinki ta gaskiya